Sirrin Abokina da Haƙƙin Ƙanwata

Za ku ga kowa ya sa sunansa a ƙarƙashin rubutunsa cikin ɗan littafin nan, ni ban sa nawa ba. Dalilin zai bayyana a gaba. Wanda labarin ya shafa ya karanta shi kafin a kai wurin fotokwafi, ya canza abin da ya ga dama don kada a gane shi, sannan ya ce a buga. Zan kira shi Ilya, kuma ba sunansa ba ne.

Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: idan mutum ya ba ka amanar sirrin ciwonsa, sai ga shi sirrin ya shafi rayuwar wani da kake ƙauna, wanne za ka riƙe, wanne za ka saki?

Ni ɗan Saga ne, a nan aka haife ni, kusa da gonakin shinkafa, ko da yake iyayena daga gabas suka zo. Kullum da safe nakan tsallaka kogin Isa zuwa Harobanda, Jami'ar Abdu Mumuni. A shekarata ta biyu wata ƙungiya ta ba mu horo, mu ƴan kaɗan, don mu riƙa wayar da kan ƴan'uwanmu a kan cutar Sida. Na haddace darasin kamar karatun allo. An fara ganin cutar a Nijar a 1987. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna wajen mutum 4 cikin 1000 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar. Tun 2004 ana ba da maganin rage kaifinta kyauta. Ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa, ta jini, ko daga uwa zuwa jariri. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko cizon sauro. Na sha tsayawa a fada ina zuba wannan bayani, fakitin Foula a aljihuna, samari suna dariya suna miƙo hannu ta baya. Har suna suka sa mini, wai "Lokotoro". Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Sai ga korona. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, washegari makarantu da jami'o'i suka rufe. Kafin watan ya ƙare aka killace Yamai, ba shiga ba fita, aka sa dokar hana yawo daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Ɗalibai sun riga sun watse zuwa garuruwansu, amma Ilya bai tafi ba. Ya ce mini ba shi da kuɗin mota. Na ce in don wannan ne ga jikka biyar, ka biya ni in bursu ta fito. Ya yi ta kame-kame. Da na ga haka sai na ce to tashi mu je gida, ɗakina ya ishe mu. Inna ta karɓe shi kamar ɗanta.

Kowane dare ƙarfe 9 salularsa takan yi ƙara, ya tashi ya ce zai zaga. Ban kula ba, sai ranar da nake neman caja a jakarsa na ci karo da wata roba da aka kankare takardar jikinta. Na buɗe. An nuna mana irin ƙwayoyin nan a wurin horo, ban yi shakka ba. Nan take na gane abin da ya hana shi tafiya gida: a Yamai yake karɓar maganinsa, kuma a garinsu duk wanda ya gan shi a layin karɓa ya san ɗan wane ne.

Da dare na ce masa na gani. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce, "Amana, mutumina. Ko Inna." Na ce amana. Amma kun san tambayar farko da ta fito bakina? "A ina ka samo?" Bai amsa ba, har yau kuma bai amsa ba. Daga baya na gane tambayar ba ta da wani amfani ga lafiyarsa. So nake in san ko ya cancanci tausayina ko bai cancanta ba, kamar ni aka naɗa alƙali.

Abin da ya fi wannan ba ni kunya shi ne maganar kofin shayi. Tunda ba fita, fadarmu ta koma tsakar gida, kuma kun san ƴan kofunan nan biyu ne ke zagaya kowa. Sai na tsiri wanke su da sabulu bayan kowane mutum, ina cewa, "Korona, jama'a, a kiyaye." Magana ce mai kyau a lokacin annoba, kowa ya yaba. Amma ni na san kafin ranar da na buɗe jakar nan ban taɓa wanke kofi tsakanin mutum da mutum ba. Shi ma ya sani. Wata rana cikin azumi, wajen buɗa baki, ya zo da kofinsa na roba daga ɗaki, ya zuba kunu a ciki, bai dube ni ba. Ni da na shekara biyu ina faɗa wa mutane ba a ɗaukar ta a kofi! Ashe karatun a baki ya tsaya mini. Korona ta ba ni inuwar da zan ɓoye ƙyamata, na kuwa shige.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka abin da ya biyo baya hukuncin mutumin kirki ne mai tsarkin zuciya. Wanda zai yanke shawara a kan sirrin wani, ya fara tuhumar kansa tukuna, domin sau da yawa tsoro da ƙyama sukan sa rigar "ina so in ceci wani".

A gidanmu akwai ɗiyar kawuna, Inna ce ta riƙe ta tun tana ƙarama. Zan kira ta Hadiza. A watannin nan biyu Ilya ne ke koya mata lissafi don jarrabawar bak. Aka buɗe makarantu a farkon Yuni, ya koma, amma zuwansa Saga bai yanke ba. Cikin Agusta Hadiza ta same ni ina wanki ta ce, "Yaya, abokinka ya ce in na yarda zai turo manyansa wurin Kawu. Kai ka fi kowa saninsa. Me ka gani?" Na ce bari in gama wankin.

Na kwana uku ina juya abin. Hanyoyin da na gani su ne waɗannan.

Ta farko, in je in faɗa wa Kawu. Jini ya fi ruwa kauri, in ji masu wannan ra'ayi, kuma malamai ma sun ce idan aka nemi shawararka a kan aure, faɗin abin da ka sani ba giba ba ce. Amma magana zarar bunu ce. Kawu zai faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa aminiyarta, kafin Juma'a labari ya tsallaka kogi ya isa jami'a. Ba Ilya kaɗai zai ji a jikinsa ba. Duk ɗalibin da ya ji cewa Lokotoro ya tona asirin abokinsa, ba zai ƙara kusantar mai wayar da kai ba, ba zai je gwaji ba. Wanda bai san matsayinsa ba kuwa shi ne ya fi yaɗa cutar, don ba ya shan magani. Aikinmu gaba ɗaya a kan yarda yake tsaye, ranar da ta karye mun tashi aiki.

Ta biyu, in yi shiru. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na kuma yi alkawari. Wannan hanya tana da hujja mai ƙarfi, kuma Ilya da kansa ya kawo mini ita da na tare shi. Ya ce, "Kai ne fa kake faɗa a fada: wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini, ba ya sa wa matarsa. Ƙarya kake yi?" Ba ƙarya nake ba. Manyan bincike da aka yi a kan ma'aurata a ƙasashe da dama sun tabbatar da haka, kuma awonsa na baya ya nuna ta kwanta. Ya ce, "To in ba zan cutar da ita ba, don me zan faɗa mata abin da zai kore ta?"

Wallahi a ranar ban sami amsa ba. Kogi ne ya fara ba ni ita. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba ruwan Isa ya yi hawan da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba, ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai. Ya ci shinkafa, ya shiga gidaje a Saga, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Na ga wata tsohuwa tana kuka, ba don katifarta ba, don katin asibitinta da maganin hawan jininta da ruwa ya tafi da su. Sai na tuna kariyar da Ilya ke dogara da ita ƙwaya ɗaya ce a kowace rana, har ƙarshen rai. A cikin shekara guda mun ga an rufe gari, mun ga ruwa ya kore mu daga ɗaki. Idan wata rana magani ya yanke masa na makonni, ƙwayar za ta farfaɗo, kuma matar da ba ta san komai ba ba ta da yadda za ta kare kanta ko cikin da take ɗauke da shi. Wadda ta sani kuwa, ita ce za ta fara ɗauko robar maganin kafin tabarma.

Ko da a ce magani ba zai taɓa yankewa ba, akwai sauran magana. "I" ɗin da Hadiza za ta ce, a kan wa za ta ce shi? Idan an ɓoye mata abin da aka san zai iya canza amsarta, to an amsa mata ne, an bar ta da motsa baki kawai. Shekara nawa zai yi yana cewa zai zaga ƙarfe 9? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da ta gano da kanta, ciwon ba zai fi ɓata mata rai ba kamar sanin cewa mijinta da yayanta sun haɗa baki a kanta.

Don haka na bi hanya ta uku, kuma na faɗa masa ita ido da ido. Na ce, "Ilya, sirrinka naka ne. Kawu ba zai ji daga bakina ba, Inna ba za ta ji ba, Hadiza ma ba ni zan faɗa mata ba. Amma ba zan ce mata 'na yarda da shi, ki amince' ba alhali ba ta sani ba. In ka turo manya kafin ka gaya mata, zan ce mata kada ta yarda a sa rana sai kun je gwaji tare, kun karɓi sakamako tare. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi maka ta bayan gida. In kuma ka shirya faɗa mata, zan raka ku wurin mai ba da shawara, ya yi mata bayanin da ya fi nawa."

Na san wani zai ce, yo wannan ai tonon asiri ne da aka naɗe a ganye. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Abin da zan iya cewa shi ne, shawarar gwaji kafin aure ita nake ba kowa, ko wane ne saurayin, kuma na bar masa ƙofar ya riga ni. Shi ya san ni, ya san ba zan ƙetare iyakar da na faɗa ba. Ya yi fushi, ya yi sati uku ba ya ɗaukar kirana.

A cikin satukan nan na yi abin da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Wanzami ba ya son jarfa: na tura mutane da yawa CEDAV, wurin gwajin da ba a tambayar suna, ni ban taɓa miƙa yatsana ba. Na je. Ƴan mintocin da na zauna ina jiran sakamako sun koya mini abin da horo bai koya mini ba. Tun daga ranar na daina ce wa mutane "ai ba komai, je ka kawai".

Cikin Oktoba ya gaya mata, su biyu, ba ni wurin. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce ya ba ta lokaci, ta kuma je da ƙafarta ta yi tambayoyinta a asibiti. Har ranar da nake wannan rubutu ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, kuma ba ni da ikon matsa mata ta kowane ɓangare. Ni dai abin da ta ce mini shi ne, "Yaya, tun yaushe ka sani?" Na ce tun kafin azumi. Ta ce, "Kana kallona ina ta son shi, ka yi shiru." Ban kare kaina ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, amma hirar da muke yi da can ba ta dawo ba tukuna. Wannan shi ne kuɗin amanar, kuma ni na biya shi, ban ga hanyar da za a bi a fita ba tare da an biya komai ba.

Ga ƴan'uwana masu wannan aiki, abin da na koya ke nan. Sirrin mara lafiya ba naka ba ne da za ka raba, ko da danginka ne ke tambaya. Amma riƙon amana bai ce ka naɗe hannu ka bar wani ya shiga duhu ba. Ka tsaya kusa da mai sirrin, ka faɗa masa iyakarka a fili tun da wuri, ka taimake shi ya faɗa da bakinsa. Kafin duk wannan, ka je ka yi naka gwajin, ka kuma duba yadda kake yi da kofin shayi.

Ilya ya zo Saga ranar Asabar da ta wuce don ya karanta wannan. Na dafa shayi, ya sha na farko, ya miƙo mini kofin na zuba nawa a ciki. Ya ce in cire sunan garinsu, na cire. Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.