Gayyar da ba a ga mai gona

A ƙarshen damanar bara wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ya zo gaishe ni a Tsibiri da kwamfutarsa cikin jaka. Bayan mun gaisa ya ce: «Malam, zo ka tuƙa jirgin sama.» Na zaci wasa yake yi. Ya buɗe wata manhaja mai suna FlightGear, wadda take kwaikwayon tuƙin jirgi, ya rubuta DRRM, alamar filin jirgin Maraɗi a tsarin sufurin sama na duniya, sai ga mu a bakin titin tashi. Na kayar da jirgin sau biyu. A karo na uku shi ya karɓa, muka yi sama, muka nufi gida.

Ban gane gida ba. Tudu da kwari suna nan yadda Allah ya yi su, domin a Fabrairun 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna tsayin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada, kuma manhajar ta amfana da wannan awo. Amma babu fadar Sarkin Gobir, babu gawon da muke gani a gonakinmu, babu lambunan Jiratawa da korensu na tsakiyar rani. An shafa wa ƙasar launi irin wanda za a shafa wa kowace busasshiyar ƙasa. Na ce masa waɗannan mutane sun manta da mu. Ya ce: «Malam, ba wanda ya manta. Ba wanda ya zo ne.»

Ashe manhajar ba ta wani kamfani ba ce. A 1996 wani mai suna David Murr ya kawo shawarar a haɗu a ƙera ta, a 1997 ta fara aiki ƙarƙashin jagorancin Curtis Olson, kuma tun daga lokacin masu sa kai ne suke ƙara mata sassa. Wani ya rubuta lissafin yadda iska take ɗaukar fiffike, kamar yadda Jon Berndt ya yi da sashen JSBSim. Wani ya zana agogunan gaban matuƙi. Wani ya gina filin jirgin garinsu ɗaki bayan ɗaki. Duk aikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar GPL, wadda Richard Stallman ya fitar a 1989: kowa yana da damar amfani, da duba yadda aka rubuta, da gyarawa, da rabawa, bisa sharaɗin cewa wanda ya gyara ya raba kada ya rufe ƙofar da ya tarar a buɗe.

Bahaushe zai ce ai wannan gayya ce. Ni ma haka na fara cewa, har na yi murna mun riga su. Da na kwana da maganar sai na ga kamar ba ta cika ba. A gayya akwai mai gona, an san shi, shi zai kawo fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗa. Akwai kuma ido. Wanda ya ƙi zuwa gayyar maƙwabcinsa ba alƙali ne zai hukunta shi ba. Ranar tasa gayyar zai duba hanya bai ga kowa ba. Kunya ita ce dogarin gayya. A nan kuwa ba mai gona, ba fura, ba wanda zai san ka ci ba ka yi noma ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rumbun ba ya raguwa: in mutum dubu sun sauke manhajar yau, ba a rage wa na farko ko zangarniya ɗaya ba.

To, wanda ya ɗauka bai mayar da komai ba, akwai bashi a wuyansa? In bashin na masu aikin ne, ina ganin babu. Sun bayar da saninsu, sun rubuta cewa sun bayar, kyautar da ake bi da ido kuwa rance ce. Har ma an samu waɗanda suka canza wa manhajar suna suka sayar a intanet. Yarjejeniyar ba ta hana sayarwa ba, abin da ya ɓata wa masu aikin rai shi ne ɓoye wa mai saye asalin abin da ya saya. Wannan laifin rashin gaskiya ne, ba na rashin biya ba.

Amma akwai wani bashin, kuma ba Turawa ne suke bin mu ba. Manhajar tana iya ɗauko rahoton yanayi na ainihi daga filayen jirage, ta rage nisan gani gwargwadon adadin da aka ba ta. Adadi ba ya faɗin launin hazo. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Maraɗi cikin watan Janairu, ya ga rana ta koma kamar faifai, shi ya san abin da ya kamata a gyara. Injiniyan Jamus, komai ƙwarewarsa, ba zai ƙirƙiro wannan ba, kuma ba haƙƙinsa ba ne. Idan yaron da yake mafarkin shiga makarantar EAMAC ta Yamai ya koyi tashi da sauka a sararin da bai yi kama da nasa ba, giɓin namu ne.

Nan ne nake jin nauyi a matsayina na malami. Da sauƙi in tsaya gaban allo in ce wa yara su ba da aikinsu kyauta. Da yawa daga masu ƙera irin waɗannan manhajoji suna da albashinsu da rana, da dare suke gayya, a ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa. Ɗalibina kuwa da kuɗin abincinsa yake sayen katin intanet. Wanda ya kira gayya bai dafa komai ba, ba gayya ya kira ba, wahala ya raba. Saboda haka in muna son ƴaƴanmu su shiga, sai a samu mai gona: makaranta ko ƙungiyar al'adu ta ba da ɗaki da wuta da layi, malami ya lissafa aikin cikin maki. Kuma ba duka aikin ne yake buƙatar lissafi mai zurfi ba. Gine-ginen da manhajar take nunawa a wurare da dama daga taswirar OpenStreetMap ake ɗauko su, wadda kowa yake iya zana unguwarsu a ciki. Ajin labarin ƙasa zai iya wannan.

Ni dai na kama ɓangaren da na iya. Na ga manhajar tana magana da Faransanci, ban ga Hausa ba, sai na ba ƴan ajina aikin neman sunayen abubuwan da ke gaban matuƙi. Mun wuce fiffike da wutsiya da ma'aunin tsayi ba gardama. Mun tsaya a kan abin da Bafaranshe yake kira décrochage, lokacin da iska ta daina ɗaukar fiffike jirgi ya fara nitso ko da injinsa yana aiki. Wata yarinya daga Jiratawa ta ce a kira shi suɓucewa, wani ya ce sakin iska. Mako uku ke nan ba su daidaita ba, kuma na ƙi raba gardamar.