Ɗan Sandan da Muke So a Cikin Waya

A shekarar 1950 an yi wani fim a Ingila mai suna The Blue Lamp. A cikinsa akwai wani dattijon kurtu, George Dixon, wanda wani matashin ɓarawo ya harbe ya mutu. Mutane sun so dattijon nan har mutuwar ba ta zauna ba. Bayan shekara biyar BBC ta tashe shi, ta ba shi shirinsa na kansa, Dixon of Dock Green, ya ci gaba da sintiri daga 1955 har 1976, lokacin da mai fitowa a matsayinsa, Jack Warner, ya kai shekara 80. Daga baya tashar ITV ta kawo The Bill, wanda aka yi ta nunawa daga 1984 zuwa 2010, kashi sama da 2,400, duk a kan wani caji ofis mai suna Sun Hill da babu shi a taswirar Landan. An rufe shirin tuni, amma har yau masoyansa suna ambaton Saja June Ackland da Reg Hollis kamar maƙwabtan da suka tashi daga unguwa.

Abin da ake kallo a ciki ba wani abin a zo a gani ba ne. An sace keke, miji ya doki matarsa, yaro ya ɓace, an kamo wani da kayan sata. Yawancin 'yan sandan ko bindiga ba sa riƙewa. In an kawo mutum, saja zai buɗe rajista ya rubuta sunansa da lokacin da aka kawo shi, ya lissafa abin da ke aljihunsa, ya gaya masa yana da damar neman lauya. In za a yi masa tambayoyi sai a kunna rikoda. Wani lokaci wanda kowa ya san shi ya yi laifin sai ya fita yana murmushi saboda hujja ba ta isa ba, mai kallo ya kwana da haushi, wani mako ya dawo.

A tsawon shekarun da ake nuna The Bill aka kashe Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, a Landan a 1993, kuma rahoton Macpherson na 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin rundunar 'yan sandan birnin. Ke nan Bature ma ya san na talabijin daban, na bakin titi daban. Duk da haka ya so na talabijin. Shin wannan yaudarar kai ce?

Ni ban ɗauke ta haka ba, kuma a ganina mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya fi na Landan sanin dalili. Mu ma muna da 'yan sandanmu na kallo. Su ne na fina-finan Indiya-Hausa, irin su Singham da Dabangg, waɗanda ake turawa a memori a shagunan caji, a kalla a waya ko babu sabis. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da waɗannan uku, mutum ba zai iya kiran kowa ba in an shigo garinsu da dare, amma ɗan sandan da ke cikin memori yana nan, yana zuwa a kan kari, yana kuma cin nasara kafin batir ya ƙare. Wanda ya ga haka ya ce mutane na gudun gaskiya bai yi musu adalci ba. Mai kallon nan yana tuna wa kansa yadda ya kamata duniya ta kasance: a yi kuka wani ya ji, a yi laifi wani ya biya. Al'ummar da ta daina sha'awar ganin haka ko da a fim, ita ce abin jin tsoro.

Ku dubi yadda labarin gaske ya ƙare. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. Wanda ya jagoranci ɗaukar, Auwalun Daudawa, ya miƙa makamai a Zamfara a Fabrairun 2021, aka yi masa afuwa, ya koma daji, cikin 'yan watanni aka kashe shi a can. Babu alƙali, babu shaida, babu ranar da uban yaro ya zauna a kotu ya ji an karanta laifin. Mai rubuta wasan kwaikwayo da ya kawo irin wannan ƙarshe, da masu kallo sun yi masa ca.

Inda nake da damuwa shi ne irin ɗan sandan da zuciya ta fi karkata gare shi. Saja na Sun Hill da Singham ba aiki ɗaya suke yi ba. Singham yana mari, yana karya ƙashi, a ƙarshe kuma shi da abokan aikinsa suka kashe mugun da kansu ba tare da an je kotu ba, mu kuma muka ji sanyi a rai. Sanyin nan na gaske ne, ba na raina shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Sai dai fim yana yi wa mai kallo wata alfarma da rayuwa ba ta yi: kyamara ta riga ta nuna maka mugun yana aikata laifin, don haka ba ka da shakka. A kasuwar ƙauye babu kyamara. Akwai wanda ya nuna yatsa ya ce wancan infoma ne, akwai tsohuwar rigimar gona, akwai bashi, akwai Bafulatanin da laifinsa kawai ya zo sayen gishiri ranar da ran mutane ke ɓace. Duk wanda ya bi tarihin wannan masifa ya san kisan da wasu 'yan sa-kai suka yi ba tare da bincike ba yana cikin abin da ya ƙara wa wutar mai, kuma ramuwar ta sauka a kan ƙauyukan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Za a ce da ni, malam, ana zancen masu babura ɗari da manyan bindigogi kana zancen rajista da rikoda. Gaskiya ne, saja da biro ba zai tare harin dare ba, kuma mai kare garinsa a lokacin da ake harbi ba shi da lokacin tambayar suna. Maganata a kan washegari ce, bayan ƙura ta lafa an kamo mutum hannunsa a ɗaure. A nan ne mai kama shi ke da zaɓi, kuma a nan ne abin da ya saba tafa wa hannu yake fitowa.

A Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Umaru Radda ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, 'yan C-Watch, matasa daga garuruwan da abin ya shafa, aka ba su kaki da makami. Da yawansu sun binne 'yan uwa, wasu kuma sun rasa ransu a bakin aikin. Su ma 'yan kallo ne kamar kowa, da waya a aljihu. In ɗayansu ya kamo wani a bayan gari, ina so ya zama akwai littafin da za a rubuta sunan mutumin da ƙarfe nawa aka kawo shi, akwai kuma wanda zai zo da safe ya buɗe littafin ya ce a fito masa da shi ya gani.