Tauraronki Bai Dushe Ba, Uwargida

Ina da wata tambaya: yaushe rabonki da ki ɗaga kai ki kalli sama da daddare? Ban da ranar da aka ɗauke wuta, zafi ya koro ki tsakar gida kina fifita kina mita. Ko a ranar ma, idonki na kan tukunyar da ba a wanke ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kallon taurari don sha'awa kawai, ba aikinsu ba ne, ba mai biyansu. Sai su sayi madubin hangen nesa mai tsada, su bar gari su shiga daji, domin hasken lantarki ya shafe musu sama. Mu kuwa nan Dutse, kina fita bayan gari wajen Kiyawa ko Jahun, abin da suke wahala a kansa ga shi nan shimfiɗe a kanki kyauta.

Na san abin da wata za ta ce: ai harkar taurari aikin 'yan duba ne. Nan ne nake so mu tsaya, domin abu biyu muka haɗe. Akwai sanin tafiyar rana da wata da taurari don gane lokaci da alƙibla, akwai kuma tambayar taurari gaibu. Na farko ilimi ne, na biyu malamai sun haɗu a kan haramcinsa. An ruwaito daga Ƙatada, ɗaya daga cikin tabi'ai, cewa amfanin taurari uku ne: ado ga sama, jifan shaiɗanu, da alamar gane hanya. Auren wance ko kasuwar wane ba su cikin lissafin.

Abin takaici, mu mata mu ne kasuwar masu kashi na biyu. Maigida ya canza fuska, ko kishiya na tafe, sai a ce miki tauraronki ne ya dushe, kawo kaza, kawo turare, kawo kuɗin aiki. A ganina rashin sanin saman ne ke sa maganar ta kama mu. Ɗauki Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, mai haske a yamma bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Abu ɗaya ne, kuma duniya ce irin tamu mai kewaya rana, hasken ma aro take yi daga ranar. Watanni tana yamma, sai ta ɓace, ta ɓullo a gabas. Masu ilimin falaki sun san lokacin ɓacewarta da dawowarta shekaru kafin a yi. Wadda ta san haka, wa zai karɓi kazarta da sunan tauraro ya fusata?

Ki tuna husufin ranar Laraba, 29 ga Maris 2006. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf da hantsi, a nan wajenmu kuma wani ɗan gefe ne ya rage. An sanar tun kafin ranar, amma duk da haka wasu sun ɗauka tashin duniya ne. Wata ne ya gifta tsakaninmu da rana. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzo ya gyara musu cewa ba a yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. Mu kuwa sai buga gwangwani, wai rana ta saki wata.

Kada ki ce wannan fagen maza ne. A birnin Halab na ƙasar Sham, a ƙarni na 10, an yi wata mata, Al-Ijliyya, wadda sana'arta ƙera na'urar auna taurari, har tana aiki a fadar sarki Saifud Daula.

Farawa ba ya buƙatar ko kwabo. Tabarma, yara, da kashe fitila. Da sanyin hunturu ki nuna musu Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, ku yi gasar ƙirga, mai kaifin ido zai ga 6 ko 7. Hasken nan da kuke gani ya fi shekara 400 da barowa can. Ku lura wata na jinkirin fitowa da kusan minti 50 kowane dare. Ki bayyana musu cewa shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina, ya dawo inda ya faro cikin kimanin shekara 33. Yaron da zai tambaye ki "Umma, me ya riƙe su ba su faɗo ba?" ya buɗe miki ƙofar darasin tauhidi da kansa.

Ga kuma wani gwaji da za ki yi da rana tsaka. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, sai 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin, inda rana take nan ne alƙibla. Kada ki kalli ranar da ido, ki kafa sanda a tsakar gida, ki ja layi a kan inuwarta, ki juya wa inuwar baya. Za ki ga alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa. Sai ki shiga ɗaki ki duba yadda kike shimfiɗa dardumarki.