Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba

Duk manomin da ya gaji gona a jigawa ya san halin kaba. A sare ta da rani, a banka mata wuta, ruwan farko na sauka ta sake tofowa, domin saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa. Da ita ake saƙa tabarma, a tufka igiya, wadda aka ƙyale kuma ta girma ta zama goriba. Raɓa kuwa da asuba take jiƙa ƙafar mai sammako, kafin hantsi an neme ta an rasa. Da Bahaushe ya haɗa su ya ce "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", jan kunne yake yi: kada ɗokin baƙo ya sa ka ɓata da maƙwabcinka, domin baƙo zai ɗaure kayansa ya tafi, maƙwabci kuwa shi zai ɗauki makararka. Magana ce ta gaskiya, kuma don gyara zaman tare aka yi ta. Abin da ya dame ni shi ne yadda ta koma ma'aunin ɗaukar ma'aikata, har ana hana mai ilimi aiki da ita.

A ɗauki yarinyar da ta yi shekara 3 a makarantar koyon aikin jinya, ta ci jarrabawar hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, aka ba ta lasisi. Ana cikin wannan murna aka ɗaura mata aure da soja. Soja kuwa ba shi yake zaɓar wa kansa gari ba. Manyan rundunonin sojan ƙasa suna Kaduna da Ibadan da Jos da Fatakwal da Maiduguri da Sakkwato da Legas da Inugu, kuma ran da takardar canjin wuri ta fito, babu wanda zai tambayi uwargida ko ta fara wani abu a inda take. Yau tana Janguza a Kano, baɗi ta tsinci kanta a Rukuba, tana koyon sanyin Jos.

Sai ta saka takardunta a fayil ta shiga gari. A asibitin kuɗi, metron za ta duba sakamakon ta gyaɗa kai, ta tambaye ta yadda ake kula da mai hawan jini a ɗakin haihuwa, ta amsa daidai. Har an fara maganar dutin dare, sai idon metron ya faɗa kan adireshi.

"A bariki kike zaune?"

"E, ranki ya daɗe."

"Maigidan soja ne ke nan. To, 'yata, in aka ɗauke shi fa?"

Daga nan an gama intabiyu, ko da an ƙara minti goma ana hira. Za a ce ta bar lambar waya.

Ban ga laifin metron gaba ɗaya ba. Sabuwar nas, komai ƙoƙarinta a makaranta, ɗawainiya ce a watanninta na farko. Sai an tsaya a kanta kafin ta iya samun jijiyar yaron da gudawa ta tsotse, sai an koya mata inda ake ajiye kowane magani da yadda likitan gidan yake son a rubuta rahoto, sai ta yi daren da marasa lafiya uku suka rikice lokaci guda ta gane wanda za ta fara nufa. Wanda ya sha wannan wahala yana son ya ci moriyarta. In ya hango cewa da hannun yarinya ya faɗa wata motar kaya za ta zo ta kwashe ta, dole ya yi lissafi.

Sai dai lissafin ya tsufa. Wane ne kaba a asibitocinmu yau? A farkon 2024 magatakardan hukumar NMCN ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Waɗannan ba matan sojoji ba ne. 'Yan gari ne masu gidan gado, waɗanda aka ɗauka da tunanin sun zauna ke nan, suna duti da rana suna karatun jarrabawar Ingila da dare. Matar soja kuwa, in aka tura mijinta fagen fama a arewa maso gabas, ba a tafiya da ita. A barikin take zama da 'ya'ya, wani lokaci shekaru, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar abin da zai fitar da ita daga ɗaki ta daina zaman jiran ƙarar waya. Ta kan daɗe fiye da wadda aka fifita a kanta.

A aikin gwamnatin jiha matsalar ta ɗauki wata kama. Can takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ake fara nema. Jihar da take zaune ta ce ba 'yarta ba ce. Jihar mijinta ta ce aure ne ya kawo ta. Jihar mahaifinta ta ce ai ta yi aure ta tafi, in kuma ta ɗauke ta, to a can za ta zauna, miji a wata uwa duniya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, amma kowa ya san yadda ake yi. Abin ma bai bar manya ba. A 2012 sai da aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara saboda 'yar Anambara ce da aka gabatar a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana aiki. In alƙaliya ta gamu da wannan, ina ga matar kofur da ba ta da uwa a gindin murhu?

A Amurka matan sojoji sun daɗe suna kuka da wani abu daban: kowace jiha da nata lasisin, sai nas ta sake nema in an mayar da mijinta wata jiha, har aka yi dokar tarayya a farkon 2023 don sauƙaƙa musu. Mu a nan lasisi ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba. Katangarmu ba a rubuce take ba, shi ya sa ta fi wuyar rushewa.

Asarar da ta fi ci mini rai ba ta albashi ba ce. Aikin jinya aikin hannu ne, kuma hannun da bai daɗe da koyo ba saurin sanyi gare shi. Wadda ta yi shekara 10 a kan aiki za ta iya hutun shekara ta dawo kamar jiya ta bari. Wadda ta fito makaranta ta zauna shekara 2 a gida, ran da aka miƙa mata allura sai gabanta ya faɗi. Ga tallan aiki kusan duk suna neman mai gogewa, ita kuma an hana ta inda za ta goge. Ga lasisi da ake sabuntawa duk shekara 3, da kuɗinsa da kwas ɗinsa, ko ana aiki ko ba a yi.

Su kuwa matan bariki sun riga sun san akwai nas a layinsu. Cikin dare za a ƙwanƙwasa ƙofa: "Maman Abba, don Allah taimaka, jikin yaron nan ya yi zafi." Wata ta kawo allurar da ta sayo a mami maket a yi mata, wata a sa mata ruwa a ɗaki. A hankali ɗakin ya fara zama ƙaramin asibiti marar rajista, babu likita, babu na gaba da zai gyara mata in ta kuskure. Taimako ne, amma hanya ce mai santsi, kuma ran da aka samu akasi lasisinta ne zai tafi, masu roƙon kuma su ne shaidu.

Wanda ya yi karin maganar bai ce raɓa banza ce ba. Cewa ya yi ba ta daɗewa, kuma manomi ya san abin da take yi wa wake bayan ruwa ya ɗauke. Mai naƙudar da aka kawo ƙarfe biyun dare ba ruwanta da ko nas ɗin za ta kai baɗi a garin. Abin da ya dame ta shi ne a samu mai karɓar haihuwa a wannan daren. Asibitin da mutum ɗaya yake riƙe da ɗaki guda shi kaɗai har gari ya waye bai kai matsayin da zai raina ma'aikaciyar shekara 2 ba. Ita kuma wadda ta yi aiki a Kano da Jos da Ibadan ta ga cututtuka da halayen mutane da wadda ba ta taɓa barin unguwarsu ba ba ta gani ba, har ta tsinci gaisuwa da tambayar "ina ke ciwo" a harshe uku.

Ga ita mai neman aikin, ra'ayina kada ta ɓoye cewa matar soja ce. Ana ganewa, kuma takardar yabo ba ta fitowa daga hannun wanda ya ji an yaudare shi. Gara ta faɗa da bakinta, ta nemi kwantiragin shekara, ta yi alkawarin sanarwa da wuri in canji ya zo. Ta fara da ƙofar da ke kusa: asibitin cikin bariki, ko manya irin asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, inda farar hula ma suke aiki, ko da da sa kai za ta fara, muddin akwai babba a kanta kuma za a rubuta mata shaida. Magajiyar bariki da ƙungiyoyin matan sojoji irin NAOWA sun san wa ya san wa, a yi amfani da su. In hali ya yi, ta ƙara ungozoma ko wani fanni na musamman, domin mai takarda biyu ba a cika tambayarta adireshi ba.

Gwamnati ma ta riga ta san maganin, don tana amfani da shi a wani wurin. Hukumar yi wa ƙasa hidima tana mayar da matar aure jihar da mijinta yake zaune in ta kawo shaidar aure. Kusan kowace jiha kuma akwai asibitin gwamnatin tarayya, na koyarwa ko cibiyar lafiya. Babu abin da zai hana ma'aikatar tsaro da ta lafiya su zauna su amince cewa nas ɗin da aka canja wa mijinta wurin aiki za ta bi shi da fayil ɗinta da matakin albashinta. Kafin a kai ga haka, duk wadda ta ji an fara raɗe-raɗin canji, ta je ofishin metron tun ba a ɗaure katifa ba, ta karɓi takardar shaidar aikinta mai kwanan wata da sa hannu da hatimi, domin in mota ta tashi, neman ta ta waya wata shida ne.