Ruwan da Ba Ya Jiran Wuta

Duk mai tanki a saman gida ya san cewa ko an ɗauke wuta, injin tura ruwa ya tsaya, famfo ba ya fasa zuba. Nauyin ruwan ne ke sauko da shi. Ga wannan dabara masu ƙera tashoshin nukiliya na zamani suka koma, bayan sun ji jiki.

A samfurin da aka fi ginawa a duniya, ruwan da ke zagaya sandunan yuraniyom yakan haura digiri 300 amma ba ya tafasa, domin an danne shi da matsin da ya ninka na iskar sarari kusan sau 150. Shi ke gasa wani ruwa daban ta jikin bututu, na biyun ya zama tururi ya juya injin lantarki. Ba sa gauraya, kuma ginin ƙarfe da kankare ya rufe tukunyar da sandunan ke ciki ruf.

Kashe tukunyar ba wuya. Maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da sandunan tsayar da aiki, wuta na yankewa su faɗa ciki. Tashin hankalin yana bayan nan: yuraniyom ɗin yakan ci gaba da fitar da zafi, wajen kashi 6 cikin 100 na zafin da yake bayarwa lokacin aiki da farko, kuma in ruwa ya daina zagayawa sai ya narke. Abin da ya faru ke nan a Fukushima ta Japan a 2011. Samfurinta daban ne, amma darasin ya shafi kowa. Tukwanen sun tsaya lafiya lau, sai ambaliyar teku ta cinye janaretocin da injinan sanyaya suka dogara da su.

Shi ya sa tsarin AP1000 na kamfanin Westinghouse yake burge ni. An ɗora ruwa kusan lita miliyan 3 a ƙololuwar ginin. In komai ya mutu, sai ya kwararo a jikin bangon ƙarfen yana ɗauke zafi, har awa 72 ba tare da lantarki ko hannun ma'aikaci ba. Mutum yana firgita, janareto yana ƙin tashi, amma ruwa bai taɓa ƙin gangarowa ba.

Tashar Sanmen a Sin ta fara aiki da tsarin a 2018, Vogtle ta jihar Jojiya a Amurka ta biyo a 2023, bayan jinkirin shekaru da kashe sama da dala biliyan 30. Kuma bayan kwana ukun nan, dole wani ya zo ya sake cika tankin.