SUN BAR NAMA DON TAUSAYIN DABBA, MU WANE NAMA MUKE CI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wata tafiya da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turawa, har ta fara shigowa wayoyin 'ya'yanmu. Ana kiran masu ita 'yan bigan. Mutane ne da suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, zuma, kai har takalmin fata ba sa sawa. Hujjarsu wai ɗan Adam ba shi da ikon amfani da dabba, ko da ba yanka ta zai yi ba.

Kuma abin da tsarinsa. A 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society a Ingila, su ne ma suka ƙirƙiri sunan. A 1990 ƙungiyar ta fito da tambarinta mai hoton fure. Kamfanin da ke son a buga wa kayansa wannan tambari sai ya biya kuɗi, ya kawo jerin duk abin da ya zuba a sabulunsa ko biskit ɗinsa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar babu na dabba a ciki, kuma ba a gwada kayan a jikin dabba ba. Ku riƙe wannan bin diddigin, za mu dawo kansa.

To mene ne hukunci? Malamai sun raba tsakanin barin abu da haramta shi. Wanda ya bar nama don likita ya hana shi, ko don ransa ba ya so, babu laifi a kansa. An kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, shi dai bai saba da shi ba. Khalid ya ci a gabansa. Sayyidina Umar ma ya ƙaurace wa nama da man shanu a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, don kada ya ƙoshi talakawansa na kwana da yunwa.

Amma wanda ya ce cin naman da aka yanka bisa shari'a zalunci ne, ko ya ɗauki barinsa a matsayin ibada, wannan ya taka iyaka. Suratun Nahli aya ta 5 ta lissafa cin naman dabbobin ni'ima cikin alherin da Allah Ya yi mana, Suratul Ma'ida aya ta 87 kuma ta hana mu haramta daɗaɗan da Ya halatta. A Sahihu Muslim, cikin mutanen da suka so tsananta wa kansu har da wanda ya ce ba zai ƙara cin nama ba, kuma Annabi (SAW) bai yarda da su ba. Addinin da ke da layya da hadaya da ragon suna, ta yaya mabiyinsa zai ce yanka laifi ne? Babu wanda ya fi Mahaliccin dabba tausayin dabba.

Yanzu mu kawo maganar gida, mu je Karare ta ƙaramar hukumar Batsari, da ƙauyukan Safana da ke bakin dajin Rugu. Ka je can ka yi wa magidanci wa'azin ya bar nama, ai sai ya yi maka dariya. Tuwon dawa, miyar kuka da daddawa, wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, in yaro ya samu canji ya sayi awara: wannan shi ne abincin gidaje da yawa. Abin da ɗan bigan ke neman tambari a kai kafin ya saya, shi talakanmu ke ci ba da zaɓinsa ba. Ita kanta Vegan Society tana gaya wa mabiyanta su nemi sinadarin B12 a ƙwaya ko a abincin da aka ƙara masa shi, domin tsirrai ba sa wadatar da shi. Yaron ƙauye kuwa daga nono da ƙwai yake samun nasa. Dabba a wurin mutumin Karare ita ce huɗa, ita ce taki, ita ce jan amalanke, ita ce asusun da ake taɓawa ranar ciwo ko aurar da 'ya. Ranar da ɓarayin daji suka kore masa shanun noma, gonarsa ma sun kashe.

A nan ne tambayar take juyowa kanmu. Waɗannan shanun da aka kora, ina suke zuwa? Ɓarawo dai ba zai cinye garke shi kaɗai a daji ba. Akwai mai karɓa, akwai dillali, akwai mai mota, akwai mahauci, akwai mai ci. Wannan ne ya sa a ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Batsari da Safana, ta kuma hana fitar da shanu a manyan motoci daga jihar Katsina. Hukuma da kanta ta gane cewa satar shanu da kasuwa take numfashi.

Ɗan bigan, da kuskuren aƙidarsa, yana tsayawa a kanti ya juya kwali ya duba asalin abin da zai kai bakinsa. Mu da muke da wahayi, da yawanmu tambayarmu ɗaya ce: an yanka? In an ce e, shi ke nan. Alhali bisimilla da wuƙa ba sa mayar da dukiyar wani taka. Saniyar sata ko an fuskantar da ita alƙibla, ko limamin gari ne ya yanka, cin ta haramun ne ga wanda ya sani, domin haƙƙin mai ita yana nan. Mai yiwuwa ma sai da aka zubar da jininsa kafin a kore ta.

Wani zai ce, Malam, to sai mun binciki kowane tsinken tsire? A'a. Asalin abin da ke kasuwar Musulmi halal ne, kuma shari'a ba ta ɗora wa mai sayen naman miya binciken da ba zai iya ba. Waswasi ba taƙawa ba ce. Maganar tana kan wanda alama ta bayyana gare shi: an kawo maka bijimi a rabin kuɗinsa, da daddare, mai sayarwa ba a san garinsu ba, kuma yana sauri. Zuciyarka ta riga ta gaya maka, kai ne ka toshe kunne don riba. Hadisin Nu'umanu bin Bashir, na 6 a Arba'una, a kan irin wannan shubuhar yake magana. Hausawa ma sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Don haka nauyin ya fi yawa a kan masu sana'ar. Sarkin pawa da shugabannin dillalai da masu lodi, ku ne tambarinmu, ba mu da wani. Kada dabba ta shiga kara sai an san wanda ya kawo ta da wanda ya tsaya masa. Masu layya da masu suna, ku sayi rago wurin wanda kuka sani, domin Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki.

Sannan mu gyara yadda muke riƙe dabbar halal ɗin ma. Cunkusa shanu a tirela kwana da kwanaki ba ruwa, rataye kaji ƙafa sama a bayan babur, wasa wuƙa a gaban akuya, duk sun saɓa wa hadisi na 17 a Arba'una, wanda ya umarce mu da kyautatawa har a wurin yanka. Irin waɗannan abubuwa ne 'yan bigan ke ɗauka a bidiyo su kafa hujja da su, kuma a nan suna da gaskiya. Addininmu ya riga su hanawa, mu ne muka yi sakaci.

Allah Ya mayar wa mutanen Karare da Batsari da Safana da mafi alherin abin da suka rasa, Ya zaunar da yankunanmu lafiya, Ya tsare cikinmu daga haram. Wallahu a'alam.