Ba duk kore ne abincin shanu ba

Zo nan ɗana, jingine sandar ka zauna. Jiya bayan la'asar na bi ta tudun da kake kai shanun nan, wanda ka ce mini ya yi kore shar. Ba ka yi ƙarya ba, kore ne. Amma na tsuguna na duba, tafasa ce da tofa suka cinye wurin. Na yi ta zagaye ban ga gamba guda da ta kai mini gwiwa ba, kyasuwa da harkiya sai ɗai-ɗai, gadagi kuwa ko na magani. Damina uku ke nan kana tsare dabbobin a wuri ɗaya don ya fi kusa da Abbare, kada yini a kasuwa ya wuce ka. Ai na sani, ni ma na yi ƙuruciya.

Saniya tana da zaɓe. Abin da ya yi mata daɗi shi take naɗewa da harshe, in ya sake tofowa ta dawo masa. Kyasuwa da harkiya ba sa kai wa baɗi sai ta hanyar iri. In an cinye su kafin su fid da kai, me zai tsiro? Gamba tana da saiwa mai jimiri, amma ita ma in ana aske ta kullum, ajiyarta ƙarewa take. Wanda saniya ta ƙi, shi ke samun fili da rana. Ga kofato ya daddaɓe ƙasa, ruwa ya daina shiga sai gudu.

In ka hau Mambila, wajen Nguroje da Gembu, za ka ga inda hanyar nan take kaiwa. Tudu ne mai tsayin kusan mita 1,600, ga sanyi, tsando bai damu shanu ba, shi ya sa garkuna suka taru. Yau gangare da yawa sun koma ciyawa iri ɗaya mai tauri, wadda Fulani ke kira pagame, sai wani ganye mai kama da gashin tsuntsu da ke sa shanu fitsarin jini in sun daɗe suna cin sa. A gefen dajin Ngel Nyaki kuwa, inda aka katange aka hana shanu da wuta, ƙananan itatuwa sun soma dawowa.

Kada ka ji kamar na ce a hana kiwo. Inda baki bai taɓawa sam, gamba kan yi tsawo ta danne na ƙasa da ita. Ci ne da ɗagawa.

Gobe ka gangara da su ta gabas, ka bar tudun har kyasuwa ta zubar da iri. Ashanar da ke aljihunka kuma, bar mini ita nan.